Milli Vanilli: Mawaƙan da suka girgiza duniya da muryar aro

Ranar 21 ga watan Yulin 1989, dubban matasa sun yi cincirindo a wani wurin shaƙatawa da ake kira Lake Compounce, a garin Bristol na jihar Connecticut da ke Amurka. Tashar talabijin ta MTV ce ta shirya wasan, kuma cikin waɗanda aka fi ɗokin gani har da wasu samari biyu da suka taso daga Jamus, Rob Pilatus da Fab Morvan, waɗanda duniya ta sani da suna Milli Vanilli.

Suna tsakiyar waƙarsu da ta fi tashe, mai suna "Girl You Know It's True", sai na'urar da ke sako sauti ta sarƙe. Ta dinga maimaita guntun baiti ɗaya babu ƙaƙƙautawa, alhali bakin mawaƙan ya riga ya wuce wurin. Rob ya ɗan daure ya ci gaba da rawa, daga baya ya ruga a guje ya sauka daga dandamali. Sai da wata mai gabatar da shirye-shirye a MTV, Julie Brown, ta bi shi ta lallashe shi sannan ya dawo.

Abin mamaki shi ne 'yan kallo ba su nuna damuwa ba. An ci gaba da shewa da rawa kamar ba a yi komai ba. Wata bakwai bayan nan, samarin biyu suka hau wani dandamalin a Los Angeles suka karɓi kyautar Grammy, wadda ita ce mafi daraja a harkar waƙa a Amurka.

Sai a ƙarshen 1990 duniya ta ji cikakken bayani: babu muryar Rob ko ta Fab a waƙar, haka ma a sauran waƙoƙin da aka sayar da miliyoyin faya-fayansu da sunansu.

Fiye da shekara 30 ke nan, amma har yau ana ta muhawara kan tambaya ɗaya. A cikin duk waɗanda suka shirya wannan yaudara suka kuma ci moriyarta, me ya sa mutum biyu kaɗai suka ɗauki kunyar?

Daga Baltimore zuwa Jamus

Waƙar da ta jawo wannan dambarwa ba a Turai aka haife ta ba. Wata ƙungiyar matasa ce a birnin Baltimore na Amurka, mai suna Numarx, ta fara fitar da ita a 1987. Ba ta yi wani nisa a gida ba, amma faifanta ya tsallaka teku ya shiga gidajen rawa na Jamus ta Yamma, inda sojojin Amurka masu yawa suke zaune a lokacin.

Cikin waɗanda suka rubuta waƙar akwai Kevin Liles, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin waƙoƙi na Def Jam.

A Jamus ne waƙar ta shiga kunnen wani furodusa mai suna Frank Farian. Ya ji cewa akwai kuɗi a cikinta idan aka sake mata fasali. Ya ɗauke ta zuwa situdiyonsa da ke garin Rosbach kusa da Frankfurt, ya ƙara mata nauyin ganga, ya gyara amshin ya zama mai saurin kama baki, ya haɗa salon rap na Amurka da kiɗan rawa irin na Turai.

Ya tara ƙwararrun mawaƙan situdiyo, galibinsu Amurkawa mazauna Jamus. Charles Shaw ne ya yi ɓangaren rap, Brad Howell ya yi rerawa, wasu tagwaye mata, Jodie da Linda Rocco, suka yi amshi. Daga baya John Davis ya shigo cikin aikin.

Waƙa ta kammala, ta kuma yi daɗi. Matsalar Farian ita ce waɗanda suka rera ta ba su da irin surar da yake so ya nuna wa 'yan mata da samari a talabijin. Brad Howell, alal misali, ya haura shekara 40.

Mutumin da ya saba da dabarar

Wannan ba shi ne karon farko da Farian ya raba murya da fuska ba. Duk wanda ya yi zamani da kaset a shekarun 1970 da 1980 zai tuna da ƙungiyar Boney M., masu waƙoƙin "Daddy Cool" da "Rasputin" da "Rivers of Babylon", waɗanda suka zagaye duniya har da ƙasashen Afirka.

Farian ne ya kafa ƙungiyar. Namiji ɗaya tilo da ke cikinta, Bobby Farrell, ɗan tsibirin Aruba, shi ne ake gani yana tiƙar rawa yana motsa baki a talabijin. Amma kakkaurar muryar namijin da ake ji a faifan ta Farian ce da kansa, wato Bajamushe farar fata da ke zaune a situdiyo.

Maganar ta fito fili tun a wancan lokaci, kuma ba ta hana Boney M. cin kasuwa ba. Darasin da Farian ya ɗauka shi ne masu saye ba sa bincike muddin kiɗa ya yi daɗi kuma wanda ke gaban kyamara ya burge.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 wannan lissafi ya ƙara ƙarfi. Tun da aka buɗe MTV a 1981, waƙa ta zama abin kallo kamar yadda take abin saurare. Mawaƙin da ba shi da bidiyo mai jan ido yana iya samun murya kamar zuma ya rasa mai saye.

Samari biyu masu neman mafita

Fab Morvan an haife shi a Paris a 1966, iyayensa 'yan asalin tsibirin Guadeloupe ne. Rob Pilatus kuwa ɗan wani sojan Amurka baƙar fata ne da wata Bajamushiya. Ya yi shekarun farko na rayuwarsa a gidan marayu kafin wasu ma'aurata Jamusawa su ɗauki riƙonsa a Munich. Ya sha ba da labarin irin tsangwamar da ya fuskanta a makaranta saboda launin fatarsa.

A Munich suka haɗu. Dukansu gwanayen rawa ne, suna tallan kayan sawa, suna yawon gidajen rawa, suna mafarkin zama mawaƙa. Aljihu kuwa babu nauyi.

A farkon 1988 suka sa hannu a kwantiragi da Farian, ya ba su kuɗin kafin alƙalami. A cewarsu, sun ɗauka su za su yi waƙa. Sai da suka kashe kuɗin a sutura da gyaran gashi da biyan buƙatun yau da kullum, sannan aka shaida musu cewa an riga an naɗi waƙar, aikinsu shi ne su yi rawa su motsa baki. Wanda bai yarda ba, sai ya dawo da abin da ya karɓa.

Farian ya bayar da nasa bayanin daban. Ya ce ya saurari muryoyinsu ya ga ba su kai ba, kuma da saninsu aka yi komai.

Ko ma wanne ne daidai, abin da ba a gardama a kai shi ne sun amince. Fab ya sha faɗa daga baya cewa sun zaci sau ɗaya za a yi a wuce wurin, su biya bashi su kama gabansu. Babu wanda ya yi tsammanin inda waƙar za ta kai.

Yadda waƙar ta karɓu

An saki "Girl You Know It's True" a tsakiyar 1988. Ma'anar sunan a Hausa ita ce saurayi na tabbatar wa budurwa cewa abin da yake faɗa mata gaskiya ne, abin da ya zama abin zolaya bayan tonon asiri.

Cikin ɗan lokaci ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Jamus ta Yamma. Ta kai na uku a Birtaniya. A 1989 ta kai na biyu a jadawalin Billboard na Amurka.

Bidiyon ya taka rawa sosai. Samari biyu dogaye masu dogon kitso har gadon baya, sanye da kwat mai faɗin kafaɗa da matsattsen wando, suna tsalle suna karo da ƙirji a sama. Yara a unguwanni suka kama kwaikwayon rawar, masu gyaran gashi suka samu ciniki.

Kamfanin Arista na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Clive Davis, ya karɓi aikin rarraba waƙoƙinsu a can. A Turai an fitar da kundinsu na farko da suna "All or Nothing" a ƙarshen 1988. Arista ya sake masa tsari, ya ƙara sababbin waƙoƙi, ya fitar da shi a watan Maris na 1989 da sunan waƙar da ta yi tashe.

Waƙoƙi uku daga kundin suka hau matsayi na ɗaya a Amurka a shekara guda: "Baby Don't Forget My Number" da "Girl I'm Gonna Miss You" da "Blame It on the Rain". Ta ƙarshen fitacciyar marubuciyar waƙoƙi Diane Warren ce ta rubuta ta. An sayar da kwafi sama da miliyan 6 na kundin a Amurka kaɗai.

Akwai wani abu a jikin kundin na Amurka da ya zama hujja a kotu daga baya. An rubuta ƙarara cewa muryoyin na Rob da Fab ne.

Masu sharhi kan waƙa a jaridu ba su taɓa ƙaunar Milli Vanilli ba. Sun riƙa kiran kiɗan nasu na roba, wanda aka ƙera don kasuwa. Masu saye kuwa ba su saurare su ba. A watan Janairun 1990 samarin suka lashe kyautuka uku a bikin American Music Awards.

Alamun da aka kawar da kai daga gare su

Tun kafin abin da ya faru a Bristol, akwai masu ɗiga ayar tambaya. Duk wanda ya yi hira da su ya ji Turancin Rob da karin harshen Jamusanci, na Fab kuma da na Faransanci mai kauri. Amma a faifai sai a ji Turancin baƙaƙen fatar Amurka tsantsa.

A watan Disambar 1989, Charles Shaw ya shaida wa jaridar Newsday ta New York cewa shi ne ya yi rap ɗin da ke waƙar. Ba a jima ba ya janye maganarsa. An ruwaito cewa Farian ya biya shi dala 150,000 don ya yi shiru.

Duk da haka aka shigar da sunan Milli Vanilli takarar Grammy. Ranar 21 ga Fabrairun 1990 aka bayyana su a matsayin sababbin mawaƙa mafi fice na shekara, inda suka doke Neneh Cherry da Soul II Soul da Tone Loc da Indigo Girls. A daren ma sun hau dandamali sun motsa baki a gaban manyan masana'antar baki ɗaya.

Ɗaukakar ta fara hawa kan Rob. Mujallar Time ta ruwaito shi yana fifita kansa a kan manyan mawaƙa irin su Bob Dylan da Paul McCartney, yana kwatanta kansa da Elvis Presley. Daga baya an ce rashin ƙwarewa a Turanci ne ya sa aka yi masa gurguwar fahimta, amma maganar ta riga ta ƙara masa maƙiya a gidajen jarida.

A ɓoye kuwa tsoro ne ke cin su. Fab ya bayyana cewa kullum suna cikin fargabar ranar da za a gane, kuma shaye-shaye ya zama musu mafaka, musamman Rob.

Ranar tonon asiri

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai dai a nan ba ɗan jarida ne ya kai ƙarshen ramin ba, wanda ya haƙa shi ne ya buɗe da hannunsa.

Da aka fara shirin kundi na biyu, Rob da Fab suka kafe cewa sai dai a bar su su rera da bakinsu. Farian ya ƙi. Da rikici ya yi tsami, sai ya sallame su, kuma ranar 14 ga Nuwambar 1990 ya shaida wa manema labarai cewa ba su rera ko da baiti ɗaya ba.

Kwana biyar bayan nan, ranar 19 ga wata, hukumar da ke bayar da Grammy ta ƙwace kyautar. Wannan ne karo na farko a tarihinta da ta yi haka.

Washegari samarin suka kira taron manema labarai a Los Angeles. Ɗakin ya cika maƙil. Suka ɗaga kyautukan suka ce a miƙa wa waɗanda suka yi waƙar. Suka nemi afuwa, suka ma ɗan rera waƙa don a ji cewa suna da murya. 'Yan jarida suka yi musu ca da tambayoyi masu zafi, wasu har da ihu.

Arista ya soke kwantiraginsu, ya cire kundin daga jerin kayan da yake sayarwa. Gidajen rediyo suka daina saka waƙoƙin. An nuna mutane a talabijin suna farfasa faya-fayan da suka saya da kuɗinsu.

An shigar da ƙararraki sama da 20 a kotunan Amurka bisa zargin damfarar masu saye. A ƙarshe aka yi sulhu a wata kotu da ke Chicago, inda aka amince a mayar wa wanda ya nuna shaidar saye abin da bai wuce dala 3 ba.

Kura da shan bugu

Idan aka duba yadda aka raba hukunci, nan ne labarin ya fi ɗaci.

Farian, wanda ya tsara komai, ya ci gaba da sana'arsa. A 1991 ya fitar da kundin da aka shirya tun farko, ya sa hotunan ainihin mawaƙan, ya kira su The Real Milli Vanilli. A shekarun 1990 ya sake cin kasuwa da wasu ƙungiyoyin kamar La Bouche da No Mercy. Bai taɓa nuna wata nadama mai yawa ba, domin a ganinsa abin da ya yi ba baƙo ba ne a harkar.

Arista ya dage cewa bai san komai ba, shi ma yaudararsa aka yi. Rob da Fab sun ce akwai manya a kamfanin da suka sani. Har yau ana jayayya a kan wannan. Abin da ke bayyane shi ne ribar da aka samu daga miliyoyin faya-fayai ba ta koma ko'ina ba, kuma shugabannin kamfanin sun ci gaba da riƙe muƙamansu.

Ainihin mawaƙan ma ba su tsira da wani abin kirki ba. Muryoyinsu sun shiga gidaje a nahiyoyi daban-daban, amma da wuya a samu wanda zai gane Brad Howell ko John Davis a kan titi. Ko da aka fito da su fili a 1991, jama'a ba su rungume su ba. Kyautar Grammy da aka ƙwace ma ba a ba su ba.

Rob da Fab kuwa suka zama abin dariya. Masu barkwanci a talabijin suka mayar da su abincin dare. Sunan Milli Vanilli ya zama kalmar da ake jifan duk wani na bogi da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya wanke su. Sun tsaya gaban masoyansu shekara biyu suna karɓar tafi da kuɗi da kyautuka a kan aikin da ba nasu ba, kuma sun san haka. Amma su ne mafi ƙarancin shekaru da ƙarancin iko a cikin tafiyar, kuma su ne kaɗai jama'a suka san fuskokinsu.

Ba su kaɗai ba ne

Abin da ya sa mutane da yawa ke ganin an yi musu hukunci fiye da kima shi ne dabarar ta zama ruwan dare a kiɗan rawa na wancan zamani.

A 1989 ƙungiyar Technotronic ta Beljiyam ta fitar da "Pump Up the Jam". Muryar ta Ya Kid K ce, wadda aka haifa a Kongo, amma wata mai tallan kayan sawa, Felly, aka nuna a bidiyo da bangon faifai.

A shekarar dai ƙungiyar Black Box ta Italiya ta yi tashe da "Ride on Time", inda aka yanko muryar mawaƙiyar Amurka Loleatta Holloway daga wata tsohuwar waƙarta, aka sa wata Bafaranshiya mai suna Katrin Quinol tana motsa baki.

Martha Wash ta fi kowa ɗanɗana wannan. Mace ce mai murya kamar aradu, amma mai jiki. An yi amfani da muryarta a waƙoƙin Black Box da kuma "Gonna Make You Sweat" ta C+C Music Factory, aka sa siraran mata a bidiyo. Ta garzaya kotu, aka sasanta, aka fara rubuta sunanta.

A duk waɗannan misalai abu ɗaya ne ke maimaita kansa. Furodusa ne ke yanke hukuncin wace murya ce ta dace da kunne, wace fuska ce ta dace da ido, kuma sau da yawa baƙaƙen fata ne ake yi wa wannan rabo, a ɗauki muryar wannan a liƙa wa jikin wancan.

Ina bambancinsa da mamin na fim?

Mai kallon finafinan Indiya ko na Hausa zai iya tambaya: to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Ai kullum muna ganin jarumi yana mamin waƙar da wani ya rera.

Bambancin yana wurin sani. Mai kallon fim ɗin Indiya ya san cewa muryar Lata Mangeshkar ko ta Mohammed Rafi yake ji, ana rubuta sunayensu, ana ba su kyautuka a matsayinsu na mawaƙa. Haka mai kallon fim ɗin Hausa ya san jarumi daban, mawaƙi daban, har yakan nemi waƙar da sunan wanda ya rera ta.

A batun Milli Vanilli an ɓoye masu muryar, an rubuta sunan wasu a madadinsu, an biya wanda ya yi magana don ya janye. Wanda ya sayi faifai ko tikitin wasa ya biya ne bisa imanin cewa waɗanda yake gani su yake ji.

Ƙarshen Rob

A 1993 samarin suka fitar da kundi da muryoyinsu na gaskiya, da suna Rob & Fab. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauki nauyi, kuma rahotanni sun ce kwafin da aka sayar bai wuce 2,000 ba. Daga miliyoyi zuwa dubu biyu cikin shekara uku.

Fab ya daure. Ya koyi kiɗa, ya yi aikin gabatar da shiri a rediyo a Los Angeles, ya ci gaba da waƙa a ƙananan wurare, daga baya ya koma Turai da zama.

Rob bai iya jurewa ba. Tun a 1991 ya yi yunƙurin hallaka kansa. Ya nutse cikin shan miyagun ƙwayoyi, ya yi ta shiga hannun 'yan sanda, har ya yi zaman gidan yari na 'yan watanni a California a 1996. Ya shiga cibiyoyin gyaran hali sau da dama.

Farian ya sake jawo shi Jamus, ya biya kuɗin jinyarsa, aka fara shirin sabon kundi wanda a wannan karon su biyun za su rera da kansu. Ba a kai ga fitar da shi ba. A farkon watan Afrilun 1998 aka tsinci gawar Rob a ɗakin wani otal kusa da Frankfurt, bayan ya haɗa barasa da magunguna. 

Waƙar ta dawo

Shekaru sun sassauta fushin jama'a. Fab da John Davis, wato fuska da murya, sun zama abokai har suka riƙa yin wasa tare a dandamali ɗaya kafin cutar korona ta yi ajalin Davis a 2021.

A 2023 aka fitar da finafinai biyu kan labarin. Ɗaya na binciken gaskiya ne wanda Luke Korem ya shirya, ɗayan kuma wasan kwaikwayo ne na Jamus wanda Simon Verhoeven ya ba da umarni, mai ɗauke da sunan waƙar. Dukansu sun karkata hasken fitila daga kan samarin zuwa kan waɗanda suka juya akalar lamarin daga bayan fage. Frank Farian ya rasu a Miami a watan Janairun 2024 yana da shekara 82.

A shekarar 2024 ɗin, wani shiri mai dogon zango na Netflix kan 'yan'uwan nan biyu na gidan Menendez ya yi amfani da waƙoƙin Milli Vanilli. Nan da nan suka bazu a TikTok, matasan da ba a haifa ba lokacin dambarwar suka kama saurare. Yawancinsu ba su damu da wanda ya rera ba, kamar dai 'yan kallon Bristol a 1989.

A watan Nuwambar 2025 kuma sunan Fab Morvan ya sake fitowa a jerin 'yan takarar Grammy, shekara 35 bayan an ƙwace ta farko. Wannan karon a rukunin littattafan da ake karantawa a naɗa ne, saboda littafin tarihin rayuwarsa da ya karanta da muryarsa.

Labarin ya dawo ne a daidai lokacin da masana'antar waƙa ke fuskantar sabon salon tsohuwar matsala. Yanzu na'ura na gyara muryar da ta kauce, manyan mawaƙa na hawa dandamali da sautin da aka riga aka naɗa, kuma ƙirƙirarriyar basira na iya kwaikwayon muryar mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Abin da Farian ya buƙaci situdiyo da mawaƙa huɗu ko biyar kafin ya yi, yau yaro na iya yinsa da wayar hannu.

Tambayoyin da aka yi a 1990 su ne dai ake yi yanzu: muryar wa muke ji, an rubuta sunansa, an biya shi haƙƙinsa, kuma an gaya wa mai saurare gaskiya? A wancan karon an amsa su ne ta hanyar wulaƙanta samari biyu, aka bar tsarin da ya samar da su yadda yake.